Me ya sa tsofaffin jaridun Ingila suke rubuta “is arrived” a inda muka san “has arrived”?

Ɗalibin_Tarihi:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan Turancin tsofaffin jaridu, kuma na daɗe ina juya ta a raina kafin in kawo ta nan. Ina bincike ne a kan cinikin teku na farkon ƙarni na 18, shi ya sa nake raba dare a kan hotunan jaridar London Gazette da aka ɗora a intanet. Jaridar a lokacin takarda ɗaya ce, gaba da baya, an raba kowane shafi gida biyu, kuma babu kanun labarai, sai dai sunan gari da kwanan wata a farkon kowane labari. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a labaran tashoshin jiragen ruwa irin su Deal da Plymouth da Falmouth, sai in ga an rubuta cewa jirgi kaza “is arrived”, ko jakada wane “is come”, ko ayarin jirage “are gone”. Mu kuwa tun muna aji ɗaya na sakandare aka koya mana “has arrived”, wanda ya rubuta “is arrived” kuma jan biro ne rabonsa. Da farko na ɗauka kuskuren maɗaba'a ne, amma abin da yake maimaituwa a kowace fitowa shekara da shekaru ba zai zama kuskure ba. Shin wane aiki wannan “is” ɗin yake yi a wurin? Idan kuma zan mayar da jimlar Hausa, ya wadatar in ce “jirgin ya iso”, ko akwai wata ma'ana da nake zubarwa ban sani ba?

Malama_Rabi:
Wa alaikumus salam. Ba kuskure ba ne, ɗan'uwa, ƙa'idar zamanin ce. A Turancin wancan lokaci aikatau biyu ne suke taimakawa wajen nuna cewa aiki ya riga ya kammala, wato “have” da “be”, kuma kowanne da gonarsa. Idan aikatau so-karɓau ne, wanda aikinsa yake faɗawa a kan wani abu, kamar kama jirgin abokan gaba ko aika wasiƙa, “have” ake sawa. Idan kuwa ƙi-karɓau ne mai nuna motsi daga wuri zuwa wuri ko sauyawar hali, kamar zuwa da tafiya da isowa da gudu da faɗuwa da girma, to “be” ne ya fi yawa. Shi ya sa za ka ci karo da “is come” da “are fled” da “is fallen” da “is become”. Robert Lowth, wanda littafinsa na nahawu ya fito a 1762 kuma aka daɗe ana karantar da shi, ya kawo wannan siga a matsayin karɓaɓɓen Turanci, ya ce an fi samun ta a aikatau masu nuna motsi ko sauyin wuri ko na hali, har ya ba da misali da “I am come” da “I was gone”. Marubucin jaridar da ka karanta ƙa'idar makarantarsa ya bi, kamar yadda kake bin ta taka.

Ɗan_Damagaram:
Mu da muka yi karatu da Faransanci wannan bai zo mana da mamaki ba ko kaɗan, domin abin da Turancin Ingila ya yar, Faransanci yana riƙe da shi har gobe. Muna cewa “il est arrivé” idan mutum ya iso, “elle est partie” idan ta tafi, “il est tombé” idan ya faɗi, kuma duk da aikatau “être” ne, takwaran “be”. A firamare sai da aka sa muka haddace jerin aikatau da suke tafiya da shi, kuma idan ka duba jerin za ka ga kusan su ne waɗanda Malama ta lissafa. Jamusanci da harshen Holan da Italiyanci duk suna da wannan rabon aiki. Ni a ganina Ingilishi ne ya fita daga dangi.

Sadiq_Fagge:
To idan haka ne, ai Hausa ma tana da abin da ya dace da shi. Muna bambanta “ya zauna” da “yana zaune”, da “ya tsaya” da “yana tsaye”. Ina ganin “the ship is come” sai a fassara shi da “jirgin yana tafe”, a bar “jirgin ya zo” ga “has come”.

Tafinta_Hauwa:
Malam Sadiq, kwatancenka na “ya zauna” da “yana zaune” ya yi kyau ƙwarai, amma misalin da ka ɗora a kansa zai kai Ɗalibin_Tarihi ga ɓata. Wanda yake tafe bai iso ba tukuna, yana kan hanya. Jirgin da aka ce “is come” kuwa ya riga ya shigo tasha, an jefa anga, wataƙila ma an fara sauke kaya. Idan mai bincike ya rubuta “yana tafe” a wurin, ya mayar da jirgin cikin teku ke nan, alhali jaridar ta ce yana bakin gaɓa, kuma a tarihin ciniki bambancin mako guda yana iya sauya lissafi. Inda kwatancenka ya zauna daram shi ne a kalmomi irin su “is shut” da “a rufe take”, ko “is dead” da “a mace yake”. Amma a kan zuwa da isowa Hausa ba ta ba mu wata siga ta hali da ta yi daidai ba, saboda haka “ya iso” ita ce fassarar. In ana son a jaddada cewa jirgin yana tashar har lokacin da aka rubuta labarin, sai a ce “ya iso, yana nan”.

Sadiq_Fagge:
Na karɓi gyara, Hajiya. Gaskiya ne, “tafe” ba ta kai mutum gida.

Malam_Bello_Zariya:
Ni ina so in tsaya a kan maganar ƙarshe ta Hajiya Hauwa, domin a nan ne nake ganin amsar tambaya ta biyu take. A fahimtata marubutan wancan zamani ba su ɗauki sigogin biyu a matsayin abu ɗaya ba. Idan hankalin mai rubutu yana kan halin da ake ciki yanzu, wato jirgin yana tasha, jakadan yana fada, abokan gaba ba sa nan, sai ya ɗauki “be”. Idan hankalinsa yana kan aikin kansa, ko sau nawa aka yi shi, ko tsawon lokacin da ya ci, sai ya koma ga “have”. Da wuya ka ga an ce mutum “is come” sau uku a wata ɗaya, domin ba ya yiwuwa ya kasance a halin isowa sau uku. Haka nan a maganar da ba ta auku ba, irin “da ya zo da an yi kaza”, “would have come” aka fi rubutawa tun da wuri. Wannan bambanci bai mutu gaba ɗaya ba. Bature na yau yana cewa “he has gone to the market” idan yana ba da labarin tafiyar, amma idan ya leƙa ɗaki ya ga wayam sai ya ce “he is gone”. Labarin tashar jiragen ruwa kuwa kusan dukkansa bayanin hali ne, domin ɗan kasuwar da yake karanta shi a shagon shan gahawa a Landan ba ruwansa da yadda tafiyar ta kasance, abin da yake son sani shi ne, kayansa suna ina a yau.

Malama_Rabi:
Malam Bello, na yarda da rabin maganarka. Abin da ka faɗa game da maimaituwar aiki da tsawon lokaci da maganar da ba ta auku ba, tabbatacce ne, kuma ta waɗannan ƙofofi ne “have” ya fara shiga gonar “be”. Inda nake jan ƙafa shi ne a ɗauka cewa duk lokacin da ɗan jarida ya rubuta “is arrived” ya zauna ya auna hali da aiki ne kafin ya zaɓa. Yawancin waɗannan gajerun labarai wasiƙu ne da wakilai suke aikowa daga tashoshi, kuma suna da jimlolin da hannu ya saba da su, kamar yadda mai rubuta sanarwar ɗaurin aure a yau ba ya tsayawa tunanin kowace kalma. Za ka iya samun “is arrived” tare da ambaton ranar da jirgin ya iso, wanda bayanin aiki ne tsantsa. Ina tsoron kada Ɗalibin_Tarihi ya riƙa tono ma'ana mai zurfi daga abin da sabo ne kawai ya kawo shi.

Malam_Bello_Zariya:
Sabo ma ai yana da tushe, Malama. Ban ce kowane wakili masanin nahawu ba ne, amma harshen uwa yana zaɓar wa mutum siga ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Bahaushen da bai taɓa shiga aji ba yana bambanta “ƙofa ta buɗe” da “an buɗe ƙofa” da “ƙofa a buɗe take”, kuma ba ya kuskure.

Ɗalibin_Tarihi:
Na gode ƙwarai, malamaina. Tunda ana maganar abin da yake ruɗar mai karatu, bari in faɗi wani abu da ya same ni, ko wani zai amfana. A makon da na fara karatun, na ga an rubuta a kan wani jirgi abin da idona ya karanta “is failed”, sai na shigar a littafina cewa tafiyar jirgin ta ci tura. Da na ga jirgi na biyu da na uku da na huɗu duk sun “gaza” a rana ɗaya daga tasha ɗaya, sai jikina ya ba ni akwai matsala. Na faɗaɗa hoton a waya har harafin ya cika fuskarta, sai na lura cewa sandar da take gitta harafin ba ta ƙetare zuwa dama ba, ɗan ƙaho ne kawai a gefen hagu. Ashe dogon harafin s ne na da, mai kama da f, kalmar kuwa “sailed” ce, wato jirgin ya tashi. Da na san ƙa'idar da Malama Rabi ta bayyana, da tun farko na gane cewa “is sailed” ƙanin “is arrived” ne. Sai da na koma na gyara shafi shida.

Uban_Littattafai:
Wannan dogon s ɗin ya kayar da mutane da yawa kafin kai. Ana sa shi a farkon kalma da tsakiyarta, gajeren kuma a ƙarshe, kuma maɗaba'un Ingila sun yi watsi da shi ne a wajajen 1800. Jaridar The Times ta daina amfani da shi a 1803. Ina da wata tambaya ga masana. Jaridar Daily Courant, wadda ta fara fitowa a 1702 kuma ita ce jaridar kullum ta farko a Ingila, yawancin abin da take bugawa fassara ce daga jaridun Holan da Faransa. Tunda Ɗan_Damagaram ya ce waɗannan harsuna suna da wannan siga, shin ba daga hannun masu fassara ta shiga Turancin jarida ba?

Malama_Rabi:
A'a, Malam, ba baƙuwa ba ce. Tana nan a Turanci tun tsohon harshen da ake yi kafin Normawa su ci Ingila a 1066, ɗaruruwan shekaru kafin a san wani abu wai shi jarida. Tana cike a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611, kuma daga can ne “He is risen” ta wanzu a bakin Kiristoci masu Turanci har yau. Tana cikin wasiƙun mutanen da ba su taɓa fassara komai ba. Iyakar abin da zan iya ba ka shi ne, mai fassara da ya ga “est arrivé” a gabansa ba shi da dalilin neman wata siga, tunda harshensa ya riga ya tanadar masa irinta.

Tafinta_Hauwa:
Ina so in kawo inda wannan abu yake da haɗari na gaske, domin “is arrived” ko ba ka san ƙa'idarsa ba za ka fahimci nufinsa. Matsalar tana tasowa ne a aikatau masu fuska biyu, waɗanda suke iya zama so-karɓau kuma su zama ƙi-karɓau, kuma babbansu shi ne “return”. Shekarun baya an ba ni wasu takardun ƙarni na 18 in fassara, sai na ga an ce wani babban mutum “was returned from” wata ƙasa. Ni kuwa da idon Turancin yau na karanta, sai na rubuta “an maido shi daga” ƙasar, kamar wanda aka koro ko aka tasa ƙeyarsa. Sai da wanda ya ba ni aikin ya tambaye ni wa ya maido shi, na koma na karanta abin da ya gabata da abin da ya biyo baya, na ga babu wanda ya taɓa shi, da ƙafarsa ya dawo. Ma'anar ita ce “ya riga ya dawo”. Na ji nauyin abin sosai, domin da an buga haka da na ɗora wa mutumin da ya daɗe da rasuwa wulaƙancin da bai same shi ba.

Bayan wannan kuma akwai “was returned for”, wadda ma'anarta dabam ce gaba ɗaya. Idan tsohuwar jarida ta ce wane “was returned for” wani gari, nufinta an zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar garin, kamar yadda aka zaɓi Edmund Burke a Bristol a 1774. Asalin maganar shi ne, ana aika wa jami'in yanki takardar umarnin yin zaɓe, shi kuma ya mayar da ita ɗauke da sunan wanda ya ci. Ga jimloli biyu masu kai ɗaya, ƙaramar kalmar da ta biyo baya ce kawai take raba mai dawowa daga tafiya da mai cin zaɓe.

Sadiq_Fagge:
Ashe daga nan ne maganar da muke ji ranar bayyana sakamakon zaɓe ta samo asali, lokacin da baturen zaɓe yake cewa ɗan takara “is returned elected”. Shekara da shekaru ina jin ta a rediyo ina mamakin ina aka kai mutumin da har za a dawo da shi.

Tafinta_Hauwa:
Daga nan ne, kuma shi ya sa ake kiran jami'in “returning officer”. Dokokin zaɓenmu sun gaji kalmar daga Birtaniya.

Malam_Bello_Zariya:
Labarin Hajiya ya nuna mana ɗaya daga dalilan mutuwar sigar. Kaya sun yi wa “be” yawa. Shi ne mai haɗa suna da sifa, shi ne mai nuna aikin da ake cikin yi, shi ne kuma ake gina jimlar da aka ɓoye mai aikatawa da shi, irin wadda muke yi da “an”. Idan aka ƙara masa nuna kammalar aiki, dole a sami jimloli masu harshen damo kamar wadda ta ruɗi Hajiya. “Have” kuwa kayansa ba su da nauyi, sai ya karɓe wannan. Dalili na biyu na baki ne. A magana ta yau da kullum ana taƙaita “he is come” da “he has come” su zama abu ɗaya, “he's come”, yaron da ya tashi yana jin haka kuma ba shi da hanyar sanin wanne aka nufa, sai ya mayar da shi ga wanda ya fi yawa a sauran aikatau. Wasu masana biyu 'yan Suwidin, Mats Rydén da Sverker Brorström, sun bi diddigin wannan canji a wani littafi da ya fito a 1987, inda suka duba rubuce-rubucen 1700 zuwa 1900, kuma abin da suka gano shi ne “have” ya sha gaban “be” a farkon ƙarni na 19, kafin ƙarshen ƙarnin kuwa ya kusa cinye gonar baki ɗaya.

Malama_Rabi:
Sai dai a lura cewa wasiƙu da wasannin kwaikwayo suka dogara da su, ba jaridu ba. Kowane irin rubutu da saurin tafiyarsa, saboda haka kada a ɗauki shekarunsu a ɗora wa London Gazette kai tsaye.

Hajara_Jos:
Ku gafarce ni in ɗan karkata, amma aikatau ɗin dai shi ne. Ina karanta jaridun Amurka na da, irin su Pennsylvania Gazette ta Benjamin Franklin, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jimloli irin “a ship is building” ko “the book is printing”. Yaya jirgi zai yi gini, ko littafi ya yi bugu? Shin wannan ma dangin wancan ne?

Uban_Littattafai:
Ba ɗaki ɗaya suke ba, amma gidansu ɗaya. Abin da ake nufi shi ne ana gina jirgin, ana buga littafin. Sigar da muka sani a yau, “is being built”, ba ta samu ba sai a ƙarshen ƙarni na 18, kuma ɗaya daga misalan farko da ake yawan ambata yana cikin wata wasiƙa da mawaƙi Robert Southey ya rubuta a 1795. Kafin nan “is building” ita ce hanya. Samuel Johnson, a bayanin nahawun da ya sa a gaban ƙamusunsa na 1755, bai ji daɗinta ba, ya ce gurɓatacciya ce daga tsohuwar siga “the book is a printing”, wadda yake ganin ta fi tsabta. Da sabuwar ta zo kuma, ita ma ba a yi mata maraba ba. Har a 1870 wani marubucin Amurka, Richard Grant White, ya ware babi guda yana sukar “is being done”, yana ganin ɓata harshe ce. Wato abin da malamin Turanci yake ba da maki a kansa yau, shi ne abin da malaman shekara 150 da suka wuce suke ƙyama.

Sadiq_Fagge:
A nan kam ina jin Hausa ta yi daidai, in ba a sake gyara mini ba. Muna cewa “tuwo yana dahuwa”, “nama yana gasuwa”, ba mu ambaci mai dafawa ko mai gasawa ba. Har ma wannan “a” ɗin na “a printing” ya yi kama da namu na “a tafe” da “a zaune”.

Malama_Rabi:
Rabin farko ya yi, Malam Sadiq, kuma Turanci ma ya riƙe ta a nan, domin har yau ana cewa “dinner is cooking”. Amma mai fassara ya kula, “jirgi yana ginuwa” a Hausa yana ɗauke da wani ƙarin nufi, wato aikin yana tafiya yadda ake so, abin da Turancin bai faɗa ba. “Ana gina jirgi” ya fi aminci. Maganar “a” kuwa dace ne kawai. Nasu gutsuren tsohuwar kalmar “on” ne, namu kuma namu ne tun asali, babu dangantaka a tsakaninsu.

Tsohon_Edita:
Na daɗe ina karanta ku, 'ya'yana, kuma na ƙaru. Ni ban san Turancin ƙarni na 18 ba, amma na yi shekaru a teburin gyaran labarai lokacin da ake jera haruffan dalma, kuma abin da zan ƙara shi ne ƙarshen labarin wannan aikatau na “be” a jarida. Wanda ya cika shafukan London Gazette, a zamaninmu shi ne farkon wanda muke yankewa. Ba a rubuta “thief is arrested” a kanun labari, “thief arrested” ake rubutawa. Tsohuwar sigar nan ta “the minister is to visit”, mai nuna abin da aka shirya yi, ita ce ta zama “minister to visit”. Muna zama da fensir da guntuwar takarda muna ƙirga haruffa, muna ba m da w gurbi ɗaya da rabi, muna ba i da l rabi, domin dalma ba ta lanƙwasuwa. Idan layi ya fi faɗin gurbinsa da harafi ɗaya, mai jera haruffa zai dawo maka da shi ko da ƙarfe biyun dare ne. “Is” da “are” da “was” ba su ɗauke da labari, shi ya sa su ne suke fara tafiya. A Hausa kuwa ba mu da wannan dama. Ba za ka cire “an” daga “an kama ɓarawo” ba, domin da ka cire ta ka koma ba da umarni.

Hajara_Jos:
Baba, na taɓa jin cewa wayar tangaraho ce ta kawo wannan yanke-yanke, tunda da kalma ake biyan kuɗi, musamman bayan da aka shimfiɗa wayar ƙarƙashin Tekun Atlantika a 1866.

Tsohon_Edita:
Tangaraho ya koya wa wakilai tsuke baki, 'yata, wannan gaskiya ne, amma saƙon da ya iso a guntule aikinmu ne mu mayar masa da kalmominsa kafin a buga. A cikin jikin labari “is” da “was” suna nan daram. A kanu kaɗai ake zubar da su, kuma a ganina faɗin gurbi da girman harafi ne suka jawo haka.

Malam_Isa_Turanci:
A matsayina na mai koyar da Turanci a sakandare, ina roƙon ɗaliban da suke cikin wannan zaure su fahimci iyakar abin da ake faɗa. Ana bayanin yadda za a karanta tsohon rubutu ne. Wanda ya rubuta “my father is arrived” a jarrabawar bana zai rasa maki, kuma ba zalunci aka yi masa ba, domin kowane zamani da ƙa'idarsa. Ni dai abin da zan ɗauka zuwa aji shi ne misalin “he is gone”, wanda ɗalibai suke tambayata a kansa kusan kowace shekara, ina ce musu su riƙe shi haka nan. Yanzu na sami abin da zan gaya musu.

Ɗalibin_Tarihi:
Na koma kan hotunan daren jiya da abin da na koya a nan. Na bi shawarar Hajiya Hauwa, ina rubuta “ya iso” da “ya tashi”, kuma duk inda na ga “was” tare da “returned” ko “removed” ko “retired” sai in tsaya in karanta jimlar da ta gabata in ga ko akwai wanda ya aikata wa mutumin wani abu. Game da saɓanin Malam Bello da Malama Rabi kuwa, na ga abin da yake goyon bayan kowannensu. Inda ake maganar jirgin yaƙi da ya daɗe yana sintiri, “has been” nake gani, kamar yadda Malam ya ce. Amma na kuma ga “is arrived” a inda babu wata alamar cewa wakilin yana nufin wani abu da ya wuce isowar, kamar yadda Malama ta ce. Na buɗe sabon shafi a littafina ina tara misalan, kowanne da shekararsa da tasharsa.

Malama_Rabi:
Ka ƙara gurbi ɗaya a shafin, ka riƙa rubuta ko an ambaci ranar isowa a cikin jimlar ko ba a ambata ba, sa'annan ka ware labaran tashoshin Ingila daga waɗanda aka fassaro daga ƙasashen waje, saboda tambayar Uban_Littattafai. Idan ka tara na shekara goma, ka kawo mana mu gani, ni da Malam Bello.

Malam_Bello_Zariya:
Ka fara da “come” da “arrive” dabam-dabam, kada ka haɗa su a layi ɗaya. Ina zaton ba tare suka bar “be” ba, kuma “go” ka ba shi shafinsa shi kaɗai, tunda shi har yanzu bai gama barinsa ba.